Teku a Cikin Kwalba: Tarihin Barasar Jin da Ciyawar Gaɓa

A arewa maso yammacin Sikotlan, can inda ƙasa ta ƙare aka bar wa Tekun Atlantika fili, akwai tsibirin Harris. Duwatsu ne da tumaki da iskar da ba ta gajiya. Mutanensa ba su wuce dubu biyu ba, tsofaffinsu kuma da harshen Gelik suka buɗe baki kafin Turanci. A garin Tarbert, inda jirgin fito yake tsayawa, aka buɗe wata ƙaramar masana'antar barasa a shekarar 2015 da ma'aikata 10. Wiski suka nufa, amma abin da ya fara kai sunansu nesa wata barasa ce fara ƙal kamar ruwan sama, wadda ake sa wa ciyawar teku. Wani gwanin nutso ne yake shiga ruwan sanyin nan, ya yanko ganyen da hannu, dogaye masu ruwan ƙasa, gefensu a tattare kamar bakin zane. Idan ganyen ya bushe sai wani farin gari mai ɗan zaƙi ya fito a jikinsa, shi ya sa mutanen wurin suke danganta ciyawar da sukari.

Hukuncin barasa a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, kuma ba shi ya tara mu a nan ba. Tarihin kwalbar ne ya ja ni, domin wanda ya bi sawunta baya zai ratsa Bagadaza da Holan da lungunan talakawan Landan, ya sauko Legas da Lakwaja, har ya taɓa citta mai ƙwaya da ke kan teburin mai kayan yaji a Kasuwar Kurmi. Sunan barasar jin. Ba ta haɗa komai da jinnu ko jini ba, ko da yake wanda ya ji abin da ta yi wa Landan zai iya zaton haka. Sunan wata bishiya ne aka gutsure, wadda Turawa suke kira junifa, Larabawa kuma ar'ar.

Giyar da ɗan Adam ya fara sani ta tsimi ce: a jiƙa hatsi ya tsira, a niƙa, a dafa, a bar shi ya tsumu, kamar yadda ake yin burukutu. Irin wannan ƙarfinta yana da iyaka. Barasa kuwa sai an bi da ita ta tururi. Sinadarin da ke sa maye yana tafasa a ma'aunin zafi 78, ruwa sai ya kai 100, don haka in aka ɗora tsimin a wuta sannu a hankali shi ne yake fara tashi. Sai a tare tururin da murfi mai dogon hanci, a sanyaya shi, ya riƙa ɗigowa. Malaman kimiyya na zamanin Abbasiyawa suka kyautata wannan tukunya, suna ce mata al-anbiƙ, kuma turare da ruwan wardi da magani suke nema da ita. Al-Kindi, a Bagadaza ta ƙarni na 9, littafi guda ya rubuta kan haɗa turare da tatarsa. Daga littattafan Larabci ilimin ya shiga Turai, tukunyar ta tafi da sunanta. Ita ma kalmar alkohol daga al-kuhl ta fito, wato kwallin da ake sawa a ido. Da fari duk garin da aka niƙa ya yi laushi ƙwarai Turawa suke kira haka, daga baya sunan ya koma kan abin da aka tace har aka kai ga ainihinsa.

Ar'ar ba ta fita a ƙasarmu, amma alhajin da ya hau duwatsun Ɗa'ifa ko Abha ya ga danginta, haka wanda ya je tsaunukan Habasha da Kenya. 'Ya'yanta ba su kai ƙwayar wake ba, shuɗi ne mai duhu, kuma sukan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin su nuna. In aka murza su, ƙamshin da ke tashi ɗan'uwan na ɗanyen ƙaron hano ne ko lubban, domin sinadarin da ya rinjaya a cikinsu ɗaya ne. Tun da can Turawa suna shan su don ciwon ciki da na ƙoda, suna kuma turara ɗaki da itacen in annoba ta sauka. A ƙasashen da yau suke Holan da Beljiyam aka haɗa su da barasar hatsi, a ƙarni na 16, aka kira haɗin yenefa. Dalilin sa su ba wani ado ba ne: barasar wancan zamani wari gare ta, ar'ar ce take rufe mata asiri. Iyalin Bols sun kafa sana'arsu a Amsterdam tun 1575, garin Schiedam kuwa, kusa da Rotterdam, ya cika da injinan niƙa masu fiffiken iska don ciyar da tukwanen. A riƙe sunan wannan gari, za mu sake haɗuwa da shi a bakin Kwara.

Siyasa ce ta kai barasar Ingila. A 1689 Wiliyam, basaraken Holan, ya hau gadon sarautar Ingila yana cikin yaƙi da Faransa. Aka toshe barasar inabin Faransa, sannan a 1690 majalisa ta buɗe wa kowa ƙofar tatar barasa daga hatsin gida. 'Yan majalisar manyan masu gonaki ne, hatsi ya yi musu yawa, sun samo masa kasuwa. Cikin shekara talatin Landan ta nutse. Kowane lungu da mai tukunya, kuma don a ƙara riba ana zuba man tafentain a madadin ar'ar, wasu har da asid irin wanda muke kira ruwan batir. A tsakiyar shekarun 1730 an ƙidaya wuraren sayar da ita sama da 7,000. A 1734 aka rataye wata mata, Judith Defour, wadda ta ɗauko 'yarta mai shekara biyu daga gidan gajiyayyu inda aka ɗinka mata sabbin kaya, ta shaƙe ta, ta sayar da kayan sule ɗaya da kwabo huɗu, ta sha jin da kuɗin.

Majalisar da ta kunna wutar ta dawo tana neman ruwa. Dokar 1736 ta ce lasisin sayarwa fam 50 ne, harajin galan kuma sule 20. Lasisi biyu kacal aka yanka. Sauran suka koma bayan fage, masu kai rahoto ga hukuma suka riƙa shan duka a titi. A 1743 abin da aka tata ya kai wajen galan miliyan 8. Sai a 1751, shekarar da mai zane William Hogarth ya fitar da hotonsa na layin jin, inda uwa a buge take sakin jaririnta daga kan matakala, aka yi dokar da ta yi aiki. Wannan karon ba a ce za a hana ba, an dai rage masu sayarwa, an tilasta wa masu tata su yi ciniki da masu lasisi kawai. Ƙarancin hatsi na 1757, da ya sa aka dakatar da tatar ɗungurungum har 1760, shi ya ƙarasa aikin. Ƙananan tukwane suka mutu, sana'ar ta koma hannun manyan gidaje irin su Gordon's, wanda aka kafa a 1769.

Tsabtarta ta zo ne da injin. A 1830 wani tsohon jami'in haraji ɗan Ailan, Aeneas Coffey, ya yi rajistar wata na'ura mai dogayen bututu da ke tata ba tsayawa, tana fitar da barasa kusan zalla, marar wari. Da warin ya tafi, babu sauran buƙatar rufe shi da sukari, sai aka sami salon da ake kira London Dry, wato marar zaƙi, wanda kayan ƙamshi ne kaɗai suke magana a cikinsa. A nan gaɓar teku ta fara shiga labarin, amma a matsayin ƙofa. Masana'antun suna Landan da Bristol da Plymouth saboda nan jiragen ruwa suke sauke kaya: ar'ar daga Italiya, 'ya'yan koriyanda daga Maroko, ɓawon lemo daga Sifen, kirfa daga gabas mai nisa. Cikin kayan har da namu. Citta mai ƙwaya, wadda uwar gida take sawa a yajin jego, ayari ne ya fara ratsa Sahara da ita zuwa Turai, inda 'yan kasuwa suka raɗa mata suna ƙwayar aljanna don su tsawwala kuɗinta. Da 'yan Fotugal suka iso ta ruwa a ƙarni na 15, gaɓar da yau take Laberiya sunan cittar suka sa mata. Masu giya a Ingila sun riƙa zuba ta don zafinta ya sa mai sha ya zaci giyar ta fi ƙarfi, har sai da majalisa ta hana. A jin kuwa ta zauna daram, har gobe sunanta yana jikin kwalbar Bombay Sapphire, an rubuta daga Afirka ta Yamma.

Jin ta shiga jirgi ita ma. Masana'antar Plymouth, da take aiki tun 1793, ita take cika wa hafsoshin sojan ruwan Ingila akwatuna, da ƙarfin kashi 57 cikin ɗari. A Indiya kuma aka haɗa ta da kwinin. Wasu masu haɗa magani biyu a Faransa, Pelletier da Caventou, suka ciro kwinin daga ɓawon bishiyar sinkona a 1820, kuma a kan kogunanmu aka gwada ƙarfinsa aka tabbatar. Ayarin Turawan da ya hau Kwara a 1841 ya binne fiye da mutum 40, yawanci zazzaɓi ya kashe su. A 1854 likita William Baikie ya hau Kwara da Binuwai a jirgin Pleiad yana ɗura wa mutanensa kwinin kullum, ya dawo ba wanda ya mutu. Shi ne ya zauna Lakwaja, ya koyi Hausa, ya zo Kano a 1862. Mutumin Kirkwall ne, a tsibiran Orkney, garin da yau shi ma yake da tasa masana'antar jin. Ɗacin kwinin ne ya sa Turawan Indiya suke sirka shi da sukari da ruwan soda, daga nan aka sami ruwan tonik, daga tonik aka sami jin da tonik.

Yanzu mu koma Schiedam. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, lokacin da cinikin manja ya maye gurbin cinikin bayi, jiragen da ke zuwa Legas da Bonny da Kalaba ɗauke suke da korayen akwatuna, kowane da kwalabe 12 masu kusurwa huɗu, daga Schiedam da Rotterdam da Hambug ta Jamus. Galan miliyoyi a shekara. Abin da ya kamata a lura shi ne ba duka ake shanyewa ba. A yankin Neja Delta da ƙasar Ibo kwalbar ta zama kuɗi. Da ita ake sayen manja, a biya sadaki, a biya tara a gaban sarki, a zuba wa kakanni a ƙasa. Akwati yakan yi shekaru yana yawo hannu zuwa hannu ba a fasa shi ba. Farin wuri yana faɗuwa, kuɗin Bature bai gama karɓuwa ba, kwalba kuwa ba ta ruɓa, ana iya kasa ta ɗaya-ɗaya, kuma duk sa'ad da gwamnati ta ƙara kuɗin kwastan sai darajar wadda ke ajiye ta tashi. Mai hankali ma zai yi ajiya da ita.

Gwamnatin mulkin mallaka ta Kudu da wannan kuɗin kwastan take numfashi, a wasu shekaru rabin abin da take samu ko fiye daga barasa yake fitowa. 'Yan mishan, Bishop Herbert Tugwell a gaba, suka yi ta kuka a jaridun Landan har aka naɗa kwamitin bincike a 1909, wanda ya saurari shaidu ya ce bai ga ɓarnar da ake faɗa ba. Arewa kuwa wata doka ce take kanta. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ce yankunan Afirka da barasar Turai ba ta riga ta shiga ba, musamman na Musulmi, a hana shigar da ita. Gwamna Lugard ya riƙe wannan da ƙarfi, sarakuna suna tare da shi. Sakamakon shi ne Arewa ba ta da gaɓa, ba ta da kwastan ɗin barasa, kasafinta kullum da giɓi, ana cike shi da tallafin baitulmalin Ingila da gudummawar Kudu. Cikin manyan dalilan haɗe Kudu da Arewa ranar 1 ga Janairun 1914 akwai son a ɗauke wa Ingila wannan nauyi. Ba kasafai ake faɗa wa yara wannan a aji ba, amma wani kaso na kuɗin da aka gudanar da sabuwar Najeriya da shi daga koren akwatin nan ya fito, har a yankin da aka haramta buɗe shi.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yanke hanyar Hambug, yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919 ta hana barasar fatauci mai araha, haraji ya yi ta hawa. Mutanen gaɓa ba su zauna jira ba. Wajajen 1930 fasahar tata ta bazu da ganga da bututun jan ƙarfe, ana tatar bammi, aka sami ogogoro a Najeriya da akpeteshi a Gana. Sunan na Gana a harshen Ga yana nufin masu ɓuya, domin a ɓoye ake yi, sai a 1962 gwamnatin Nkrumah ta halatta. Bature ya kira ta haramtacciyar jin. In ana neman jin ɗin gaɓar teku ta ƙananan tukwane, wadda aka yi da abin da ƙasa ta bayar, to mutanen Delta sun riga Sikotlan da shekara tamanin, sai dai su 'yan sanda suka samu maimakon lambar yabo.

A Turai kuwa, bayan Yaƙi na Biyu, jin ta tsufa. Vodka ta ƙwace matasa, jin ta zama abin shan tsofaffin hafsoshi. Farfaɗowarta ta faro da shuɗiyar kwalbar Bombay Sapphire a ƙarshen shekarun 1980, wadda ta jera sunayen kayan ƙamshinta 10 a jiki, sai Hendrick's a 1999 da kokwamba da furen wardi. Amma ƙofar ƙananan masu sana'a a rufe take, domin hukumar harajin Birtaniya ba ta ba tukunyar da ba ta kai lita 1,800 lasisi, tsohuwar ƙa'ida da aka yi don maganin masu tata a ɓoye. Masu kamfanin Sipsmith suka yi ta kai gwauro da mari kusan shekara biyu, har a 2009 suka kunna wuta ƙarƙashin tukunyar jan ƙarfe mai lita 300 a yammacin Landan. Masana'antun barasa a Birtaniya ba su fi ɗari da 'yan kai ba a 2010, zuwa 2019 sun haura 400.

Dalilin da ya sa da yawansu suka ɓulla a tsibirai da ƙauyukan masunta lissafi ne. Doka ta ce wiskin Sikotlan sai ya kwana shekara uku a gangar katako kafin a kira shi wiski. Wanda ya ci bashi ya gina masana'anta ba zai iya zama shekara uku ba ciniki ba. Jin kuwa yau a tata, mako mai zuwa tana kanti. A tsibirin Islay, masana'antar Bruichladdich, da aka gina a 1881, ta rufe a tsakiyar shekarun 1990, aka sake buɗe ta a 2001 aljihu ba nauyi. Suka tsinto wata tsohuwar tukunya daga masana'antar da za a rushe a Dumbarton, gajera mai kumburin ciki, suka sa mata suna Ugly Betty, wato Betty mummuna. A ciki suka fara yin The Botanist wajajen 2010: kayan gargajiya 9, da ganye da furanni 22 da ake tsinkowa a tuddai da fadamu da bakin ruwan tsibirin, ana tata a hankali har awa 17. A kasuwar da kowa yake da ar'ar iri ɗaya da koriyanda iri ɗaya, sun gano cewa abin da wani ba zai iya kwaikwaya ba shi ne garinka. Gaɓa ta tashi daga ƙofar shigowar kaya ta zama kayan da kanta.

A Harris, ciyawar teku tsohon ciwo ce. Daga tsakiyar ƙarni na 18 masu ƙasa suka gano cewa in aka ƙona ta, tokar tana da sinadarin yin sabulu da gilashi, kamar yadda matanmu suke tace toka su yi sabulun salo. Lokacin yaƙe-yaƙen Napoleon, da aka rasa irin wannan toka daga Sifen, tan ɗaya ya kai wajen fam 20. Sai masu ƙasa suka kwashe talakawa daga gonaki masu kyau suka jibge su a bakin duwatsu, suka rage musu gona da gangan don dole su shiga ruwa. Maza da mata suna tsaye cikin ruwan sanyi har ƙugu suna yanka da lauje, suna jan damin zuwa tudu, suna ƙonawa a ramuka, hayaƙi yana cin idanu, ribar tana tafiya Edinburgh da Landan. Da yaƙi ya ƙare aka sauke harajin tokar waje, farashi ya rushe a shekarun 1820. Mutanen da aka tara don ciyawa suka zama kaya, aka maye gurbinsu da tumaki, aka loda dubbai a jirgi zuwa Kanada. Bayan shekara ɗari wani mai sabulun ya sake zuwa. Lord Leverhulme, mai sabulun Sunlight, ya sayi Lewis a 1918 da Harris a 1919 da burin gina babbar tashar kifi. A 1920 kamfaninsa ya saye Kamfanin Neja, wanda daga baya ya zama UAC, mai sayen gyaɗar Kano. Attajiri ɗaya, hannu ɗaya a Harris ɗaya a kantin Kwara. Ya mutu a 1925, magadansa suka tsayar da aikin tsibirin nan take, matasa suka ci gaba da ficewa. Wanda ya kafa masana'antar Tarbert, Anderson Bakewell, ya faɗa tun farko cewa samar wa matasa abin da zai zaunar da su gida shi ne manufar.

To, mene ne ɗanɗanon teku? A nan akwai wata 'yar dabara da tallace-tallace ba su cika bayyanawa ba. Gishiri ba ya bin tururi. Duk wanda ya ga matan Keana ko Awe suna dafa gishiri ya san ruwa ne yake tashi, gishiri ya zauna a gindin tukunya. Haka sinadarin da ke ba ciyawar teku daɗin miya. Wani malamin Japan, Kikunae Ikeda, shi ya ciro shi daga irin wannan ciyawa a 1908, daga bincikensa aka sami Ajinomoto, farin magin da ke kowane kicin, kuma shi ne sirrin daddawa. Shi ma ba ya tashi. Abin da ke ƙetarewa zuwa kwalba ƙamshi ne kawai, irin sinadarin dimetil salfaid da ƙananan halittun ruwa suke fitarwa, wanda shi ne warin bakin teku, tsuntsayen teku ma shi suke bi su gano abinci. Hanci ya ji teku, sai ƙwaƙwalwa ta ƙarasa sauran, harshe ya rantse ya ji gishiri. Mai son gishirin gaske sai ya ƙara jiƙon ciyawa bayan an gama tata, kuma da ya yi haka doka ta hana shi rubuta London Dry a kwalbarsa. Mutanen Harris sun zagaye matsalar: suna sayar da wata 'yar kwalbar ruwan ciyawar daban, mai so ya ɗiga.

Masu sana'ar ɗanɗano suna kwatanta ta Harris da taushi: ar'ar a gaba, ɓawon lemo a tsakiya, sannan wani ɗanye-ɗanyen ƙamshi mai ɗan zaƙi a ƙarshe, kamar iskar da ta biyo ta kan ruwa. Ta Donegal a Ailan, An Dúlamán, ta fi ta tsauri, ciyawar teku iri biyar gare ta, ciki har da wata 'yar ƙarama mai yaji kamar masoro, wadda ba a kai wa gare ta sai ruwa ya janye sosai, lokacin da wata ya cika. Rock Rose, daga Dunnet a ƙarshen arewacin Sikotlan, tun 2014 take amfani da saiwar wani tsiro na bakin dutse mai ƙamshin wardi, da 'ya'yan wata ƙaya ta tudun yashi masu ruwan lemo, masu tsami kamar tsamiyar biri. A wata ta Edinburgh akwai ganyen da matuƙan jirgin da suke ci don maganin ciwon dasashi na rashin ɗanyen abinci. Can kudu, a gaɓar Bahar Rum, salon ya sauya gaba ɗaya: Gin Mare, da ake yi a wani tsohon ɗakin ibada a garin masunta na Vilanova kusa da Barcelona, zaitun ne da ganyayen miya irin su ɗoɗɗoyar Turawa, har masu sha suna cewa ta fi kusa da abinci. A Still Bay ta Afirka ta Kudu, Inverroche tana ɗiba daga tsirran yankin Cape, inda ake da iri wajen 9,000, fiye da kashi biyu cikin uku ba a samunsu ko'ina a duniya.

Ƙarƙashin duk wannan akwai saiwoyi biyu da ba a yi musu talla, anjelika da oris. Aikinsu riƙe ƙamshi kada ya gudu. Mai haɗa humra a Maiduguri ta san wannan aiki sarai, shi farce yake yi mata, kuma farcen nan murfin dodon koɗin teku ne. Ashe mu ma mun daɗe muna sa teku a kwalba.

Ni dai ina ganin rabin abin da ake sayarwa labari ne, amma ba na ce ƙarya ba ne. Barasar zalla da ake jiƙa kayan a ciki, mai ƙarfin kashi 96, yawancin ƙananan masana'antu sayo ta suke yi a tanka daga manyan kamfanoni. Ar'ar ta Birtaniya ta yi ƙaranci, wata cuta mai cin saiwa tana kashe ta, don haka kusan duka daga Italiya da ƙasashen Balkan take zuwa, inda ƙauyawa suke hawa dutse da kaka, su shimfiɗa buhu, su riƙa bugun reshe da sanda. Sunansu ba ya hawa kwalba, kamar yadda na mai noman citta bai taɓa hawa ba. Kalmar ƙaramar tukunya kuma ba ta da ma'auni a doka, kowa yana iya rubutawa. Waɗanda suka yi suna, manya sun bi su da kuɗi: Rémy Cointreau ya saye Bruichladdich a 2012 kan fam miliyan 58, Beam Suntory ya ɗauki Sipsmith a 2016, Pernod Ricard ya karɓi rinjayen Inverroche a 2019, Brown-Forman ya saye Gin Mare a 2022.

Harris ta fitar da wiskinta na farko, The Hearach, a 2023, shekara takwas bayan kunna wuta, kuma jin ce ta riƙe gidan duk tsawon jiran. Ma'aikata sun ninka sau da yawa, a tsibirin da samun aiki goma labari ne. Amma kasuwar jin ta Birtaniya ta riga ta fara sanyi, kwalabe sun yi wa kanti yawa, a 2025 masana'antar ta sanar da rage aiki da ma'aikata. Ciyawar tana nan a gindin ruwa. Ƙa'idar masu yankanta ita ce a yanke ganye a bar gindin manne da dutse, domin daga nan take sake tohowa.